Turke Mai Taka Igiya

Sunansa na yanka Abdulmuttalib, amma a unguwar Mayo Gwoi ba wanda yake ɗaukar wahalar furta wannan dogon suna. Turke ake ce masa tun yana saurayi. Ubansa mahauci ne daga ƙasar Katsina, ya biyo shanu ya sauka a Iware, daga can ya gangaro Jalingo ya yi aure ya zauna. Mutum ne mai zafin hannu, kuma da igiyar da yake ɗaure shanu da ita yake yi wa 'ya'yansa tarbiyya. Ranar da Turke ya fara bin sa kwata, da takalmin roba ya je. Uban ya dubi ƙafarsa. Ya ninka igiya biyu ya zuba masa a gadon baya har riga ta tsage, sannan ya ɗauki takalmin ya cilla a magudanar jini. Sai da ya gama kukansa aka gaya masa laifinsa: mai taka igiya ba ya sa takalmi.

Ga yadda aikin yake, don wanda bai san nama ba sai a cikin miya. Bijimi ba ya kwanciya don an roƙe shi. Sai an zarga masa igiya a ƙafar baya an ja ta ta miƙe, sannan mutum ɗaya ya kwantar da igiyar a ƙasa ya taka ta da dukkan nauyinsa, hannuwansa kuma suna riƙe da wata igiyar da aka zagaya ta ƙirjin dabbar. Wani kuma ya shiga ta gaba, tsakanin ƙahoni, ya kama hanci ya murɗe wuya. In na gaba ya yi kira, na baya ya fizga, bijimi ya zube. Ran na gaba yana ƙarƙashin tafin ƙafar na baya. Kafin bijimi ya zabura, igiya takan yi wata 'yar rawa da ido ba ya gani, sai fatar ƙafa ce ke jin ta. Wanda ya ji ya danna da wuri, abokinsa ya koma gida ya ci tuwo. Wanda bai ji ba, sai dai a je a yi wa iyalin abokin gaisuwa.

A wannan aikin ba a taɓa yin kamar Turke ba. Allah ya ba shi ƙashi, al'adar kwata kuma ta ƙara masa nama a kai. Don a can, duk san da aka kayar, mai taka igiya yana da yanki daga tozo da dunƙulen kitsen ƙoda. Ba a sayarwa, ba a kai gida. Nan take ake jefa shi a wuta ya ci a gaban jama'a, wai don ya ƙara nauyi, igiya ta samu mai danne ta. Turke ya ɗauki al'adar nan kamar farilla. Ya ci tozo, ya ci kitse, ya kora da lemo mai sanyi, da yamma kuma ya zauna wurin mai shayi a dama masa shi da kauri, suga har ya kwanta a gindin kofi. Tumbi ya fito ya riga shi shiga ƙofa. In ya tare keke, shi kaɗai ne fasinja. Shi kuwa sai ya shafa cikin ya yi dariya, ya ce wannan ai shi ne jarinsa.

Na gabansa Abbo ne, wani Bafillatani siriri kamar sandar kiwo, wanda annoba ta cinye masa shanu ya shigo gari neman abin yi. Abbo ba ya ɗaga murya, ba ya faɗa, abinci ma kamar tilasta masa ake yi. In zai shiga tsakanin ƙahoni ba ya waiwayawa ya duba ko an taka igiya. Sai dai ya ce da Fillancinsa na aboki, "Sobajo, kana nan?" Turke ya ce, "Ina nan." Shi ke nan. A haka suka yi shekaru har gemunsu ya fara fari tare.

Sai dai a faɗi gaskiya, Turke ya gaji hannun ubansa. Hannunsa ya fi bakinsa sauri. Ya taɓa ɗaga wani dillali ya tsoma kansa a randar wanke hanji don ya ce san da ya kayar ba wani sa ba ne. Ya taɓa cire wa ɗan kamasho haƙoran gaba a kan wurin tsayawar mota. Mutane suna ba da labarin nan suna dariya, kamar haƙoran ba na ɗan Adam ba ne. Abbo kaɗai ke iya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ya isa," ya kuwa isa.

Abin ya fara ne da ƙishirwa. Ya sha ruwa kamar rijiya, ya yi ta zirga-zirgar bayi, ƙeyarsa ta yi nauyi kamar an ɗora masa dutse. Wata Juma'a ya miƙe daga sahu sai masallaci ya juya masa, ya zube a kan wani tsoho, saura kaɗan a yi jana'iza biyu. Aka kai shi gida. Matarsa Mahbuba ta ruga ta kira maƙwabciyarsu, Mama Dinatu.

Dinatu 'yar ƙabilar Kona ce, tsohuwar nas da ta ajiye aiki, ita ta karɓi haihuwar duk 'ya'yan Turke. Gajera ce, ba ta kai masa hammata ba, amma ba ta taɓa jin tsoronsa ba. Ta ɗaura masa abin awon jini a dantse, ta huda masa yatsa, ta zagaya masa tef ɗin tela a ciki, tef ya ƙare bai haɗu ba. Ta tura shi asibiti aka ɗebi jini. Da sakamako ya dawo ta zaunar da shi a tsakar gida, Mahbuba na gefe.

"Ɗana, ka ji ni da kyau," ta ce da Hausarta ta Kona. "Jini naka ya hau. Suga ya hau. Kitse ya cika jini. Ga tumbi kuma. Abu huɗu ɗin nan tare suke tafiya kaman 'yan fashi, ɗaya ya riƙe ka, sauran su buga."

"To Mama, a ba ni allura a wuce wurin."

"Babu allura na wannan. Magani yana nan, za ka sha kullum. Amma babban magani yana cikin kwano naka. Ban ce ka bar nama ba, wane ni in hana mahauci nama? Ka ci ja, ka bar fari. Lemo kam ka sallame shi. Tuwo rabi, ganye da yawa. Kuma ka bar wa keke lafiya, ka taka da ƙafa zuwa kwata."

Abin mamaki, ya ji. Faɗuwar masallaci ta tsorata shi fiye da yadda yake nunawa. Mahbuba ta ɗaura ɗamara, ta shiga dafa wake da acca, kwaɗon zogale, miyar yakuwa ba mai. Dinatu ba ta yi masa wa'azi, dabara take yi. Da asuba sai ta fito da sandarta ta ce ita ma likita ya ce ta yi tafiya, ya raka ta kada karnuka su cije ta. Su bi ta gada suna tafe, shi yana haki yana zagin duk wanda ya ƙirƙiro zogale, ita tana dariya. A kwata in an ba shi kitsensa sai ya faki ido ya miƙa wa masu wanke hanji. Bayan 'yan watanni ƙeya ta sake shi, barci ya dawo, wandonsa ya fara zamewa. Mahbuba ta yi murna har ta kasa ɓoyewa. Wannan shi ne lokaci mafi daɗi a gidan, kuma bai daɗe ba.

Wata safiya aka kawo wani sa, ba ma babba ba. Turke ya taka igiya, Abbo ya shiga. Sa ya zabura, igiya ta sulale kamar taƙi ɗaya kafin Turke ya danne ta. Abbo ya yi tsalle gefe, ƙaho ya ɗauke masa aljihun riga. Ya dubi rigar ya ce dama ta tsufa. Da a ce kowa ya yi shiru irin nasa, da abin ya wuce. Amma akwai Njidda mai fiɗa, mutumin da bakinsa ba ya da ƙofa.

"Jama'a, ku zo ku gani!" in ji Njidda. "Mata sun mayar da Turke akuya, ganye yake ci! Gobe iska ma za ta ja shi!"

Kwata ta ɗauki dariya. Turke ya sunkuya ya ɗauki ƙafar sa da aka datse, da kofatonta da komai, ya sauke wa Njidda a fuska. Hanci ya fashe. Ya ƙara masa a kunne, ya bi shi ƙasa ya hau ruwan cikinsa yana duka, jinin mutum ya gauraya da na dabba a kan siminti. Mutum biyar suka kasa ɗaga shi, sai da Abbo ya zo ya rungume masa wuya ta baya. Da ya miƙe, ya nufi wuta ya ce a zubo masa kitsen duk shanun ranar. Ya tsaya a tsaye ya cinye, mai yana bin gemunsa, yana kallon kowa ido cikin ido.

A lissafinsa abin a fili yake. Ya rage nauyi, igiya ta zame. Duk mahaucin da ka tambaya haka zai ce maka, don haka suka taso suka ji. Amma akwai abin da shi kaɗai ya sani kuma ya ƙi ya duba. Tun kafin faɗuwar masallaci yake jin kamar yana taka auduga. Ya taɓa taka tsinin ƙashi ya wuni da shi a dunduniya, bai sani ba sai wurin alwala. Ran nan nauyinsa bai gaza ba. Rawar igiyar ce bai ji ba.

Ya isa gida ransa a dagule. Mahbuba ta ajiye masa acca da zogale. Ya ɗaga kwanon tangaran ya maka da bango, wani ɓari ya dawo ya tsaga mata gira. Jini ya rufe mata ido, yara suka tsere waje. Ya kwashe ƙwayoyin maganin ya zuba a masai. Wannan aiki ne na rashin kunya, kuma ya san haka, don ya kasa duban inda take.

Dinatu ta jiyo ƙarar ta shigo. Ba ta kalle shi ba sai da ta gama wanke girar ta manna filasta. Sannan ta zaro tsinke ɗaya daga tsintsiya ta ce, "Miƙo ƙafa. Rufe ido."

Kunyar abin da ya aikata ta sa ya bi umarni.

"Ka ji?"

"Na ji."

"Yanzu fa?"

"Na ji mana."

"Ban taɓa ka ba tukuna," in ji ta.

Ya ƙara runtse ido. Sai ta soka masa tsinken a tafin ƙafa har ya karye, ya kuwa ci gaba da zama ido a rufe yana jiran ta fara. Mahbuba ta toshe bakinta da gyale.

"Suga ya ci jijiya na ƙafa," Dinatu ta ce. "Ba yau ya fara ba, ya daɗe. Wanda ya tafi ba zai dawo duka ba, amma in ka riƙe abinci da magani, za mu tsare sauran. Kitse ba zai ba ka ƙafa ba, ɗana, ƙarasa shi zai yi. Ka bar igiya. Ka nemi wani aiki a kwata, aiki ya cika. Kuma ka gaya wa Abbo."

Ya miƙe tsaye, inuwarsa ta rufe ta. "Mama, na rantse da Allah, in maganar nan ta fita daga gidan nan..."

"Za ka buge ni? Buga. Hannu nan ya karɓi yara naka."

Bai buge ta ba. Ya naushi ƙyauren ɗaki ya ɓalle daga maƙalinsa, ya fice. Tsoro ne ya cika shi, tsoro tsagwaronsa, irin wanda bai taɓa ji a gaban wani bijimi ba. In ba ya taka igiya, shi wane ne? Mai wanke hanji? Wanda Njidda zai aika sayen goro? Ya gaya wa kansa cewa nauyi zai rufe abin da ƙafa ta rasa. In ya yi nauyin da ba san da zai iya jan igiya daga ƙarƙashinsa, ai ba ya bukatar ya ji komai. Sai ya koma ci kamar mai ramuwa. Tumbi ya dawo har ya ɗara na da, ƙeya ta dawo, keke ya dawo. Ya kayar da shanu da dama lafiya lau, kowane ɗaya yana ƙara masa tabbacin cewa shi ne mai gaskiya. Kullum Abbo ya ce, "Sobajo, kana nan?" shi kuma ya ce yana nan.

Da damina aka sauke wani jan bijimi daga Iware, irin na Bororo, ƙahoninsa kamar hannuwan mai addu'a. An yi ruwa da safe, simintin kwata ya jiƙe, ga jini ga kashin shanu. Tun a bakin mota san ya karya wa wani hannu. Da ƙyar aka zarga masa igiya. Turke ya ja ta ya kwantar, ya hau kanta da ƙafar dama, ya naɗe ɗaya igiyar a hannu. Abbo ya cire hularsa ya soke a aljihu, ya tsaya ɗan jim, abin da ba ya yi. Sannan ya yi tambayarsa, aka ba shi amsa, ya shiga.

Idon Turke yana kan Abbo, yana jiran kira. Ya ga hannunsa ya kama hancin san. Ya ga ya fara murɗawa. Sai ya ji mutane suna ihu suna nuna ƙasa, ya rasa me suke nunawa. Ya duba. Igiya tana gudu a ƙarƙashin ƙafarsa kamar maciji, ta riga ta tafi kamu biyu, shi yana tsaye a kai bai san ana yi ba. Ya danna da dukkan ƙarfinsa, amma ƙafar san ta riga ta dira ƙasa.

Ƙahon ya shiga ta ƙarƙashin haƙarƙarin Abbo. San ya ɗaga shi sama ya girgiza, ya maka shi da bango, ya ja baya ya sake sunkuyar da kai. Turke ya yi wata ƙara da ba ta mutane ba, ya afka wa dabbar ta gefe, ya rungumi ƙaho ya sake mata dukkan nauyin nan da ya tara. Suka zube tare. Ya danne wuyan da gwiwa yana naushin idon san, yana naushi, har mai yanka ya zo ya sa wuƙa, jini ya feso masa a ƙirji. Ko bayan san ya daina motsi sai da aka ɓamɓare shi.

Ya sungumi Abbo ya shiga keke da shi. Yana danna ramin da tafin hannu, jinin yana ɓulɓulowa ta tsakanin yatsunsa. Abbo ya buɗe ido ya nemi ruwa da Fillanci, ba ruwa a keken. Kafin su kai ƙofar asibiti ya cika. A can ne wata nas ta nuna ƙasa ta ce, "Malam, kai ma fa?" Igiya ta saɓule masa fatar tafin ƙafa tun daga dunduniya har yatsu, farin nama a waje. Ya taka da ita daga kwata zuwa keke, daga keke har nan, bai ji ko ɗigon zafi ba.

Ciwon ya ƙi warkewa, kamar yadda ciwon mai suga yake yi, har sai da aka yanke masa yatsu biyu. Bai sake taka igiya ba. Yanzu tsire yake yi a bakin titi, jan nama zalla, kuma rabin ribar gidan Abbo take tafiya. Ya rame har tsofaffin abokan faɗansa suna wuce shi ba su gane shi ba. Yana shan maganinsa, yana cin abin da Mahbuba ta ajiye masa, kullum da safe yana ɗingisawa a kan gada cikin takalmi mai laushi. Mutanen unguwa suna cewa tsoron mutuwa ne ya gyara shi, har ana kafa misali da shi ga masu tumbi. Ba su san komai ba. Abin da ya karya shi magana ce guda, kuma a tsakar gidansa aka yi ta.

Bayan an sallamo shi daga asibiti, Dinatu ce ke zuwa wanke masa ƙafar. Ba ta ce masa ai na gaya maka ba, ko sau ɗaya. Rannan tana cikin goge ciwon, Mahbuba na riƙe da kwanon ruwa, sai ya yi magana, karo na farko a kan abin.

"Na cuce shi, Mama. Da ya san ƙafata ta mutu, da bai shiga ba."

Dinatu ta ci gaba da gogewa. Can ta ce, "Ya sani."

Ya ɗago kai.

"Washegari na ranar da ka fasa ƙofa, na je gida nashi. Na gaya mashi komai, har tsinke. Na ce ya nemi wani ya taka mashi igiya."

"Ya ce me?"

"Ya ce shi ma ya gane tun ranar da sa ya yaga mashi riga. Ya ce in ya nemi wani a gaban mutane, kai ba za ka sake ɗaga kai a kwata ba. Ya ce zai jira ka faɗa da baki naka."

Hannun Turke ya dunƙule da kansa, kamar yadda ya saba tun yana yaro. Ya dubi dama, ya dubi hagu. Ba kowa a tsakar gidan sai tsohuwa mai auduga a hannu da matar da ke ɗauke da tabonsa a gira. Kullum da safe, duk tsawon watannin nan, Abbo yana tsayawa a gaban ƙaho yana tambayarsa ko yana nan, yana ba shi dama ya faɗi gaskiya, shi kuwa yana ba shi amsa ɗaya.

Hannun ya saki. Ya kifa fuskarsa a tafin hannun, ya yi kuka mai sauti har maƙwabta suka jiyo. Dinatu ta jira shi. Da ya lafa ta ce ya miƙo ƙafar, ba ta gama ɗaurewa ba.